Maɓallin da Zohaib Ya Goge

Akwai wani abokin aikinmu a nan Lahore, sunansa Zohaib Cheema, wanda ko shayi ba ya iya shanyewa a zaune. Kullum ƙafarsa rawa take a ƙarƙashin tebur, har kofunanmu na kaɗawa. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba shi, amma haƙuri sai dai ya hango a wurin wasu.

Sana'armu ita ce gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Idan tsohuwar manhaja ta rasa injin da aka rubuta ta dominsa, sai mu ƙera mata na kwaikwayo, ta zauna a ciki tana zaton gidanta ne. Kason Zohaib shi ne tsara maɓallan zaɓi: wane sashe za a kunna, wanne za a kashe, wanne zai yi sauri.

Ƙa'idarmu ɗaya ce. Idan ka sauya halin wani sashe, ka bar maɓallin da zai mayar da shi yadda yake a da.

To, akwai wata tsohuwar kafa da ake jona kwamfuta da injuna ta cikinta. Tana tura saƙo ne tana ɗan tsayawa, kamar tsohon da ke hawa bene. Wannan tsaye-tsayen ya tsone wa Zohaib ido. Ya cire shi, kafar ta koma gudu, sannan ya bi maɓallin jinkirin ya goge.

Baji Nuzhat, wato Yaya Nuzhat a yaren nan, shugabar sashenmu, ita ke duba kowane aiki kafin ya fita. Ta karanta nasa, ta ɗago kai.

"Ina maɓallin jinkiri?"

"Na share shi, Baji. Aibi ne, ba wata baiwa ba. Wa zai zaɓi rarrafe alhali ga gudu?"

"Wanda injinsa ba ya iya haɗiya da sauri. Kai ba ka san shi ba, ni ma ban san shi ba, amma yana nan."

"Haba Baji, maɓallai sun yi mana yawa kamar kasuwar Anarkali. Ku dai ba kwa iya yar da tsohon kaya."

Ta yi murmushi ta ce, "Mayar da shi, sai in sa hannu."

Bai mayar ba. Hankalinsa ya riga ya tafi Faisalabad, inda ake shirin bikin ƙanwarsa Rimsha. Ya kwashi aikin a kwamfutarsa ya kama hanya, yana cewa zai dawo mata da hujja.

Rimsha abu ɗaya ta roƙa a bikin nan. Tana so ta rufa da jan mayafin da mahaifiyarsu marigayiya ta sa ranar nata auren. An kai shi shagon kawunsu Shafqat, wanda suke kira Mamu, don a zagaye bakinsa da sabon surfani na zaren gwal. Injin surfanin kawun tsoho ne tukuf, kuma da manhajarmu yake aiki, domin Zohaib ne da kansa ya haɗa masa tun yana ɗalibi.

Zohaib ya shiga shagon, ya tarar allura na tafiya a sannu. Ya zauna, ya tashi. Ya leƙa titi, ya dawo. Ya duba waya, ya sake zagaya injin.

"Mamu, haka za mu yi ta kallonsa har a watse daga biki?"

"Zauna ka sha kindirmon lassi, ɗana. Zai gama kafin ranar."

"Ina da gyaran da zai ninka saurinsa. Ni na rubuta da hannuna."

Kawu bai so ba, amma wa zai ja da injiniyan gida? Zohaib ya ɗora gyaran, suka cire mayafin suka gwada ƙaramin fure a kan ƙyalle, ya fito tsaf. Zohaib ya dubi kawunsa yana dariya. Abin da bai lura ba shi ne, ƙaramin zane ba ya cika cikin injin. Sai dogon zane ne ke shaƙe shi.

Aka mayar da mayafin. Da farko lafiya lau. Can sai saƙo ya fi ƙarfin injin, ya fara zubar da wasu. Allura ta bar layinta, ta tsaya wuri ɗaya tana caccakar tsohon siliki. Kafin Kawu ya kai hannu ya kashe, gefen mayafin ya yage kusan tsawon tafin hannu.



Zohaib ya faɗa kan kwamfuta ya buɗe jerin zaɓi. Ya yi sama, ya yi ƙasa, yana neman maɓallin jinkiri, alhali ya fi kowa sanin ba ya nan. Komawa tsohuwar manhajar ma ta gagara, domin sabuwar ta riga ta sauya fasalin komai. Ga mayafi a yage, ga rabin baki babu surfani, ga injin da ba a isa a sake kunna shi ba. Sauri ya haifi nawa.

Ya kira Baji Nuzhat. Wallahi da ni ce, sai na fara da "ai na faɗa maka". Ita ko kai tsaye ta nufi mafita.

"Ka nutsu. Ban taɓa yar da abin da wani ya goge ba, yana wurina. Zan turo maka, ka mayar da shi da hannunka."

Ya mayar. Injin ya koma rarrafensa, ya ƙarasa surfanin daf da ranar lalle. Yagar kuwa babu maɓallin da zai ɗinke ta. Kawu ya kama ta da allurar hannu iya ƙoƙarinsa, amma tabon na nan ga mai ido.

Da aka kai wa Rimsha, ta shafa wurin a hankali. Zohaib na tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Ya so ta zage shi ko ya ji sauƙi.

Sai ta ce, "Bhai, yayana, Ammi takan zauna ta jira ka gama cin abinci komai daɗewarka. Shigo ka zauna kusa da ni."

Ya zauna. Waɗanda suka je bikin sun ce mayafin ya yi kyau, an naɗe gefen ciki. Shi dai idonsa bai bar wannan gefen ba har aka tafi da amarya.

Darasi: Abin da kake gani jinkiri ne marar amfani, wataƙila shi ne ke riƙe da wani da ba ka sani ba, kuma wannan wanin zai iya zama naka. Idan za ka kawo sabo, ka bar wa mutane ƙofar komawa. Ku tura wa wannan abokin naku mai rawar ƙafa, tun bai yaga abin da ba ya ɗinkuwa ba.