Zakaran Gidan Oga

'Yata Sa'ade tana da jariri, ta roƙi ofishinsu su bar ta ta riƙa aiki daga gida. Ina zaune kusa da ita sai ogansu, Alhaji Tanimu, ya bugo waya.

Ya ce, "Abin da aka yi a gida ba aiki ba ne. Gobe ki zo, ko ki ajiye aikin."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kamar carar zakara nake ji. Kana ina?"

"Ina gida mana."

"To wannan umarnin, hira ce ko aiki? In hira ce, na gode. In aiki ne, ashe ana yinsa daga gida."

Zakaran ya sake cara.

Can ogan ya ce, "Yi zamanki."

Na rangaɗa guɗa har jaririn ya farka.