Tabawa da Barcin da Ya Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Tun tana budurwa ita ke haƙo yumɓu a bakin rafi, ta ɗauko a ka. Da 'ya'yanta suka yi arziki sai suka ce, "Inna, wahala ta ƙare. Zauna ki huta."

Ta zauna. Safe tabarma, rana tabarma, yamma tabarma. Sai barci ya ƙaurace mata. Ta juya dama, ta juya hagu, har zakara ya yi cara idonta biyu. Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, duk a banza. Ido ya yi ja. Ran nan tana riƙe da jikanta sai jiri ya ɗebe ta, saura ƙiris jaririn ya faɗa murhu. Uwar yaron ta karɓe shi, ta ce, "Inna, ki gafarce ni, ba za ki ƙara ɗaukarsa ba sai kin samu lafiya."

Tabawa ta ci ɗamara, ta fita bayan gari tana kira: "Barci, barci, ina ka shiga? Ko ƙasa ka nutse sai na tono ka!"

Kurege yana kwance a gindin kanya, ciyawa ta cinye masa gonar gyaɗa. Da ya ji ta sai ya ce, "Sannu, Iya. Barci kike cigiya? Ai na ga wucewarsa. Cikin ciyawar gonata ya ɓuya."

Tabawa ta karɓi fartanya, ta duƙa. Tana noma tana haki, gumi har ƙafa, shi kuwa Kurege yana inuwa yana cin kanya. A daren nan ta ɗan runtsa gab da asuba.

Da safe ta koma. "Barci, barci, ina ka shiga?"

Kurege ya ce, "Jelarsa kika kamo, Iya. Yanzu yana cikin ƙaya. Saro ta ki kewaye gonar, kada ya tsere."

Ta saro ƙaya, ta jawo, ta yi shinge. Hannu duk ya farfashe, ba ta tsaya ba. A daren nan ta yi barcin rabin dare.

Rana ta uku Kurege ya ga birai suna yi masa ɓarna a gona, sai ya ce, "Wayyo, Iya, birai sun sace shi!"

Tabawa ta ɗauki sanda ta bi birai. Su hau dutse ta hau, su gangara ta gangara, har ta kore su daga dajin. Da ta isa gida ko tuwo ba ta gama ci ba ta ɓingire. Ba ta farka ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Ta miƙe, ta ji cinyoyinta suna tsami, kanta kuwa wasai. Sai ta tuntsire da dariya. "Ja'iri! Aikinsa na yi masa. Ashe barcin a jikina yake."

Aka mayar mata da jikanta, ta goya shi, ta ɗauki kwandon yumɓu. 'Ya'yanta suka ce, "Haba, Inna!"

Ta ce, "Ku ba ni hanya."

A bakin rafi ta tarar da Kurege, ido jajur. Kwanciya da ci sun yi masa yawa, shi ma barci ya guje shi.

"Iya, don Allah, ko kin ga nawa?"

Ta ce, "Na gan shi, ɗan nan. Gabas ya yi da gudu. Yi sauri."

Kurege ya ɗaga jela ya zura. Shi ya sa har yau a guje za ku gan shi, ya tsaya cak, ya miƙe ya duba, ya sake zurawa.

To yara, jikin da ya yini a tabarma ba ya samun barci. Ku motsa da rana, dare ya yi muku daɗi.

Kurunkus! Kowa ya nemi shimfiɗarsa.