Bunsuru da Igiyar Guga

An yi wani tsohon Jaki mai jan ruwa a wani lambu na bayan gari. Tun safe yake kai da komowa da igiya a ƙirji, guga na sauka yana hawa. Dabbobi na cin latas da karas, amma babu mai tunawa da wanda ya shayar da su.

Jakin nan ya gaji, gajiya har cikin ƙashi. Duk da haka yana da ƙa'ida: in an ce a tashi, sai ya fito da gugan da ke hanya, ya juye, ya naɗe igiya, ya rufe bakin rijiya, sannan ya tafi.

Wata rana aka naɗa Bunsuru sarkin lambu, shi kuwa ji da kai kamar ya fashe. Da la'asar ya zo yana kaɗa gemu, ya ce a tashi. Jaki ya roƙi a ba shi ɗan lokaci, domin guga na tsakiyar rijiya cike da ruwa.

"Ni na ce ka tsaya yanzu, kana kawo mini zancen guga?"

"Ranka ya daɗe, wallahi na fi ka son tsayawa. Amma in na saki a nan, mun rasa gugan, kuma shi kaɗai gare mu."

Bunsuru ya ga an raina shi. Ya kama igiyar da haƙori, ya tattauna ta har ta tsinke. Nauyin guga ya fizge ta, bakinta ya naɗe masa ƙaho, sai ga sarkin lambu cikin rijiya tsundum.

Jaki bai yi dariya ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya ja ƙafa zuwa lambun maƙwabta ya aro igiya, ya zura masa, ya soma ja. Da Bunsuru ya iso tsakiya yana lilo, sai Jaki ya dakata yana haki.

"Ranka ya daɗe, lokacin tashi ya wuce. In saki a nan, ko in ƙarasa?"

Daga ƙasa wata 'yar murya ta ce, "Ƙarasa, Baba. Don Allah ƙarasa."

Darasin wannan labari shi ne, tsayar da aiki ma aiki ne. In za ka sallami mai yi maka hidima, ba shi lokaci ya sauke abin da ke hannunsa.