Man Giyar da Aka Auna Mota a Kashe

Akwai wani makanike da kowa ke kira Kunne. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin kullum cewa yake shi ba sai ya hau mota zai san ciwonta ba, ta wuce ta gabansa ya ji ƙararta kawai ya isa.

Ya iya inji, wannan ba zan rage masa ba. Amma irin mutanen nan ne da in ka fara yi musu bayani sai su ƙarasa maka zancen, kuma su ƙarasa shi ba daidai ba.

Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Auta ake ce masa. Auta yana da tsohuwar a-kori-kura mai giya otomatik. Da ita yake dakon bulo, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa biyu.

Wata rana da hantsi Auta ya shigo gareji fuskarsa babu walwala.

"Yaya, motar nan ta fara ba ni tsoro. Da ta ɗauki zafi sai giya ta riƙa shiga tana fita yadda ta ga dama. Jiya a kan hawa ta sake ni, inji yana ta ihu, mota ba ta tafiya. Abin da ya fi damuna ribas. In na saka sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can kuma sai ta yi harbi da baya. Ina tsoron ta taka wani."

"Kashe ta, ƙararta ta ishe ni," in ji Kunne, ko ɗagowa bai yi ba.

Sai da ya gama da motar da ke gabansa, awa guda cur, sannan ya buɗe bonet. Ya zaro gejin man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya kai har layin sama.

"Ka gani? Mai a cike. Filogi ne."

A shagon da ke jikin nasa akwai wani dattijo wanda giyar mota kaɗai yake gyarawa, shekara talatin ke nan. Baba Mai Giya ake ce masa. Yana zaune yana wanke wasu ƙarafa a cikin kwano, duk abin da ake yi a kan idonsa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "irin wannan motar ba a auna man giyarta a kashe. In inji ya tsaya, man duk gangarowa yake ya taru a ƙasa, sai geji ya yi maka ƙarya. Tayar da ita ta yi zafi, ka auna tana aiki."

Kunne ya kalli masu jiran gyara, ya ce, "Baba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a giya ai dole ya riƙa ganin abu bibbiyu."

Aka yi dariya. Dattijon ya mayar da hannunsa cikin kwano.

Aka canza filogi. Mota ba ta canza hali ba.

Bayan kwana huɗu matar Auta ta zo gaishe da surukarta, ta tarar da Kunne a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, ban san mota ba, amma kullum in ina shara da safe ina ganin ɗigon jan mai a inda motar take kwana. Da kamar bakin kofi yake, yanzu ya kai faranti."

"Man sitiyari ne. Ke da tsintsiya, ni da sufana, kowa ya riƙe nasa."

Ta miƙe ta yi sallama. Amma ta fita gidan zuciyarta ba daɗi.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Auta ya zo da motar, ya tsaya yana sosa ƙeya kafin ya iya magana.

"Yaya, don Allah kada ranka ya ɓaci. Ka bari Baba ya duba ta ko sau ɗaya ne."

Nan Kunne ya miƙe. A gaban mutane ƙanensa zai tsallake shi ya kai mota shagon maƙwabci?

"Motar nan lafiyarta ƙalau. Ƙafarka ce matsalar. Ba ka iya taka totur ba, shi ke nan. Ba ni makulli."

Ya shiga, ya zaga da ita titin bayan gareji. Sau biyu giyar ta sake shi a hanya, sau biyu ya ji ta a jikinsa. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan ke nan: ya ji. Amma da ya dawo ya hango mutane sun zuba masa ido, sai ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Kamar sabuwa. Je ka baya ka duba mini, in shigar da ita."

Ƙofar garejin matsattsiya ce, ƙarshenta bango. Auta ya koma baya ya tsaya yana ɗaga hannu.

Kunne ya saka ribas. Mota ta yi shiru.

Auta ya san wannan shirun. Wata biyu yana fama da shi, ya san sai dai ka taka birki ka jira ta. Ya buɗe baki ya ce, "Yaya, jira ta, kada ka..."

Kunne ba zai zauna mota ta ƙi motsi a hannunsa ana kallo ba. Ya danna totur. Inji ya yi ihu, giya ta kama gaba ɗaya, motar ta yi tsalle da baya.

Ta haɗa Auta da bango.

Ba zan bayyana muku abin da aka gani ba. Mutum huɗu suka ɗauke shi, kuma tun kafin a isa asibiti ya daina amsa kira. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma likitoci sun ce ƙafar dama ba ta gyaruwa. Aka yanke ta daga saman gwiwa.

Kwana uku motar tana nan inda ta tsaya, ba mai son taɓa ta. A rana ta huɗu Kunne ya shigo kamar wanda ya tashi daga jinya, ya tsaya a ƙofar shagon dattijon.

Baba ya gane. Ya taso, ya sa duwatsu a gaba da bayan taya, ya tayar da motar, ya bar ta ta yi zafi. Sannan ya zaro geji ya miƙa masa.

A bushe yake, sai ɗan jiƙo a can bakinsa.

Baba ya shiga ƙarƙashinta, ya nuna masa tiyon da ke kai man giya wajen lagireto don ya huce. Maɗaurinsa ne ya saki. Ya ɗaure shi da hannu ɗaya, ya ƙara mai. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Da yamma Kunne ya je asibiti. Mahaifiyarsu na zaune a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi. Matar Auta ta gaishe shi idonta a ƙasa, ta fita. Shi kuwa ya durƙusa ya riƙe ƙarfen gadon.

"Auta, ka yafe mini. Mai ne. Mai ne babu."

Auta ya daɗe yana kallon silin. Ba fushi a muryarsa, kuma da ya yi fushin da ya fi sauƙi.

"Na yafe maka, Yaya. Ka ce ƙafata ce matsalar." Ya ɗora hannu a inda bargon ya kwanta babu komai. "To, an cire ta."

Motar tana nan har yau, giyarta na shiga lafiya lau. Kunne ne ke tuƙa ta, shi ke dakon bulon, ya kai abin da ya samu gidan ƙanensa. In wani ya kira shi da sunan nan na Kunne ba ya waiwayowa.

Darasi: Duk iyawarka, ka saurari wanda ke fama da abin, ka saurari wanda ya riga ka a sana'a, har mai shara ma ka saurare ta. Kunyar cewa "ban duba daidai ba" ta minti ɗaya ce, amma girman kai wani lokaci ba mai shi ne ke ɗanɗana kuɗarsa ba, na kusa da shi ne. Ku tura wa makanikenku da duk direban da kuka sani, wataƙila a yau wani zai tsaya ya sake aunawa.