Tabawa da Fuskar Inna

Ku matso kusa, ku bar ture-ture. Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, mu ji ta.

Wata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye, tana da 'ya'ya biyu mata, babbar Tabawa, ƙaramar Kyauta. Kyauta tana goye a baya uwar ta kwanta ciwo, kwana uku ta rasu. Aka bar yara da ubansu.

Damina ta zo ta wuce, ta zo ta wuce, har sau huɗu. Rannan Kyauta ta ga 'yar maƙwabta ta faɗi, uwarta ta ɗauke ta tana hura mata gwiwa. Ta dawo gida, aka ajiye mata tuwo, ta ture kwanon.

Ta ce, "Yaya, Innarmu yaya kamanninta suke?"

Tabawa ta buɗe baki za ta faɗa. Ta duba cikin ranta, babu fuskar. Ta sake dubawa, babu. Ashe ta manta.

Kyauta ta ce, "To, ni ba na cin komai sai na ga Inna."

Kwana ɗaya ba ta ci ba. Kwana biyu ba ta ci ba. A na uku wuyanta ya zama kamar sillen kara, ko tashi ba ta iya yi.

Tabawa ta ce wa ubansu, "Baba, don Allah yaya fuskar Inna take?" Ya sunkuyar da kai, ya saɓa fartanya, ya fita.

Da sassafe Tabawa ta kama hanyar da uwarsu take bi zuwa ramin yumɓu. Tana tafiya tana waƙa:

"Inna, Inna, ina fuskarki?
Na leƙa rijiya, ruwa ya ba ni tawa.
Inna, Inna, ina fuskarki?"

Tana tafiya, tana tafiya, sai ga Ƙudan Zuma a gindin ɗorawa. Ya ce, "Yarinya, kukan me kike kina jiƙa mini hanya?"

Ta gaya masa.

Ya ce, "Ni ba na riƙe fuska, hanci ne yake kai ni gida. Rufe idonki."

Ta rufe. Ya kawo wani abu kusa da hancinta. "Mene ne wannan?"

"Furen ɗorawa."

Ya kawo wani. "Wannan fa?"

"Ɗoɗɗoya."

Ya kawo na uku. Tabawa ta shaƙa, ta sake shaƙa. Can ta ce, "Kaɗanya ce. Man kaɗe Inna take shafawa in ta yi wanka, sai ya haɗu da hayaƙin gashin tukwane." Tana faɗin haka, sai ta ga gefen wani baƙin zane na saƙi yana wucewa a cikin duhun idonta.

Ƙudan Zuma ya ce, "Riƙe shi da kyau. Ci gaba."

Tana tafiya, tana waƙarta, sai ga Zomo a bakin ramin yumɓu, kunnuwa a tsaye. Ya ce, "Tun kina bayan tudu nake jin ki. Rufe idonki, ki gaya mini abin da kike ji."

Ta ce, "Iska a ganye."

"Sai kuma me?"

"Kurciya, can nesa."

Zomo ya hau kan wata tsohuwar tukunya da aka kife, ya buga ta da ƙafa. Taf, taf-taf. Taf, taf-taf.

Tabawa ta ce, "Tsaya! Haka Inna take bubbuga tukunya, ɗaya a hankali, biyu da sauri." Sai ga murya a kunnenta, da 'yar disashewa: "Tabawa, kawo ruwa, yumɓu ya sha iska!" Ta ga Inna zaune, ta miƙe ƙafafu, amma ta ba ta baya.

Ta ce, "Inna, juyo!" Ba ta juyo ba.

Zomo ya ce, "Riƙe shi da kyau. Ci gaba."

Rana ta take, ta isa wani babban suri, ta zauna a inuwarsa, muryarta ta ƙi waƙa. Sarauniyar Gara ta leƙo ta ce, "Jikata, mu tun da Allah ya yi mu ba mu taɓa ganin komai ba, amma dubi gidan da muka gina. Rufe idonki, miƙo hannu."

Aka zuba mata wani abu. Ta ce, "Yashi."

Aka ɗora wani. Ta ce, "Tsakuwa."

Aka ɗora na uku, mai sanyi, mai laushi. Ɗanyen yumɓu ne. Tabawa ta kai shi goshinta. Ta ce, "Haka tafin Inna yake ranar da na yi zazzaɓi. Ga sanyi, ga kaushi, ɗan yatsanta ƙarami a karkace." Ta ga hannuwan sarai, har da yumɓun da ya maƙale a farce.

Ta jira fuska. Ta jira, ta jira. Fuska ba ta zo ba. Ta fashe da kuka.

Sarauniyar Gara ta ce, "Iyakar namu ke nan. Tashi ki kai wa ƙanwarki abin da kika samu, kada ki makara."

Da la'asar ta iso gida. Ta sami Kyauta kwance a tabarma, ido ya faɗa. Ta ce, "Ƙanwata, ban samo ta duka ba, amma ga abin da na samo. Rufe idonki."

Ta shafa man kaɗe a zane, ta kara shi a hayaƙin murhu, ta lulluɓe ta da shi. Ta kife tukunya ta buga, taf, taf-taf, ta disashe murya ta ce, "Kyauta, kawo ruwa, yumɓu ya sha iska!" Sannan ta shafa ɗanyen yumɓu a tafinta, ta ɗora a goshin yarinyar.

Kyauta ta shaƙi ƙamshin zanen. Can sai ta yi murmushi, idonta a rufe. Ta ce, "Yaya, ga ta nan tana yi mini dariya. Ashe wushirya gare ta?"

Tabawa ta dafe ƙirji. Wushirya! Sai ga haƙoran, sai ga kumatun, sai ga idanun, fuskar Inna ta dawo gaba ɗaya.

Ubansu yana tsaye a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wushirya gare ta, 'ya'yana. Ita na fara gani ranar da na haɗu da ita a kasuwa." Ya ajiye fartanyar, ya zauna a tabarmar, ya ɗebo kunu ya kai bakin Kyauta, tana sha yana ba su labarin ranar.

To, kun ji. Ido yana mantuwa, amma hanci da kunne da hannu suna ajiya. Wanda kuke so, ku saurare shi, ku riƙe hannunsa tun yana kusa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige tukunya. In akwai ƙarya a ciki, Gizo ne ya zuba ta, ba ni ba.