Motar da Muttaka Ya Ƙi Saukewa a Titi

Mijina Muttaka ya rasu, yau kwana arba'in. Ba ni da mai kawo mini burodin tamis da zafinsa idan ya dawo daga Asuba. Ni Hajo ce, a unguwar Mansur ta Makka muke zaune. Ban yi karatu mai zurfi ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Akwai wani saurayi, Hashim, ɗan kafilin mijina, wato mai gidan da ya tsaya masa a takardar zama. Haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Ubansa ne mai motar ɗaukar motocin da suka lalace, wadda Muttaka ya tuƙa shekara tara.

A 2016 aka karɓe makullin motar daga hannun Muttaka. Na tambaye shi laifinsa, ya ce, "Rabona ne ya ƙare, Hajo."

Ya koma tura tsofaffi a keke a Harami. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura. Ni kuwa na yi ta mita. Har na taɓa ce masa, "Kai dai bakinka ne ba ya iya lallashin manya." Ya yi dariya kawai.

Ran kwana uku da rasuwarsa aka yi sallama. Ina takaba, sai na tsaya bayan labule.

"Hala Hajo, ni ne Hashim. Wallahi ni na raba Ammu Muttaka da aikinsa." Haka yake kiranmu da Larabcinsu: Hala, wato inna, Ammu kuma baffa.

Ya ce shi da abokansa sukan je wani filin tsere a hanyar Jidda ranar Asabar. Wata rana ya kwasa da gudu, ya daki shinge, gaban motar ya murƙushe. Inshora kuwa ba ta biyan abin da ya faru a wurin tsere, an rubuta a takardar. Sai ya kira Muttaka.

"Na ce masa, ya Ammu, ka ɗauke ta ka sauke mini a gefen titin Rusaifa, cikin Makka, jikin turken fitila. Mu ce nan na yi hatsari. Shi ke nan, minti goma ne."

"Me ya ce?" na tambaya.

"Ya ce, 'Hashim, in kai ta gareji, in kai ta gidanku, zaɓi ɗaya. Amma ba zan shigo da ƙarya cikin iyakar Harami a bayan motata ba.' Na ce ka san iƙamarka, takardar zamanka, a hannun wa take? Ya ce, 'Na sani. Hau mu tafi, rana na dukanka.'"

Hashim ya je ya gaya wa ubansa wai Muttaka ya zage shi, shi ne aka karɓe makullin. Sannan ya samo wani direban, suka sauke motar a titi, suka yi rahoto. Ashe abokansa sun ɗauki hatsarin a waya, sun watsa, lambar motar a fili. Kamfanin inshora ya gani. Hashim ya yi wata biyar a tsare. Direban kuwa aka yi masa tarhil, aka mayar da shi gida, ya bar mata da 'ya'ya huɗu a unguwar Hindawiyya.

"Da ya bi maganata, shi za a kora," in ji Hashim, yana kuka. "Kunya ta hana ni zuwa yana raye."

Shekara biyu ina ganin gazawarsa, ashe abin da ya tsare mana zamanmu ke nan. Na tuna ranar jana'izarsa, bayan La'asar, lokacin da aka ajiye shi gaban Ka'aba. Mutanen da ba su san sunansa ba, daga ƙasashen da ban san sunansu ba, sahu bayan sahu har inda idona bai kai ba, duk suka yi masa kabbara huɗu.

Na ce wa Hashim na yafe nawa. Ni ma ina neman Muttaka ya yafe mini bakina.

Darasi: Kada ka canja wa gaskiya wuri don a biya ka. Wanda ya ƙi taya ka ƙarya ba maƙiyinka ba ne, kuma kada ka yanke wa mai shiru hukunci. Ku tura wa masu son gudu da mota, ku kuma taya ni cewa: Allah Ka jiƙan Muttaka, Ka yalwata kabarinsa, Ka shiryi 'ya'yanmu. Amin.