Makullin da Baba Mai Guga Ya Yanko

Akwai wani mutum da ake kira Mai Agogo, ma'aikaci a wani shagon wanki da guga. Aikinsa kai wa mutane kayansu gida-gida a kan keke. Halinsa ne ya jawo masa sunan, don ko gaisawa kuke yi rabin idonsa na kan agogon hannunsa. Ba mugu ba ne, sai dai kullum kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

A shagon akwai wani dattijo, Baba Mai Guga, wanda ya shekara goma sha tara a gaban teburi ɗaya. Gidansa can ƙarshen gari yake, gwiwoyinsa sun gaji, tsohon kekensa shi ne ƙafarsa. In babu keken babu aikin, kowa a shagon ya san haka.

Ƙarfe ɗaya tal aka dasa da siminti a ƙofar shagon, daidai tagar da Baba ke guga. Kullum Baba ya jingina kekensa, Mai Agogo ya jingina nasa a kai, a zagaye su da wata ƙatuwar sarƙa ta Baba. Makullin ɗaya ne, yana ɗaure da zare a wuyan Baba.

Nan matsalar take. Mai Agogo kan fita sau shida ko bakwai a rana, kuma kowace fita sai ya jira Baba ya ajiye dutsen guga, ya goge hannu, ya laluba wuya, ya fito yana jan ƙafa. Idan kuma ya je gidajen mutane, haka yake barin keken a ƙofa ba kulle, yana fargabar ɓarayi.

Wata rana ya wuce wurin mai gyaran keke ya ce yana son abin kulle mara nauyi.

Mai gyaran ya ɗago wata siririyar waya ya ce, "Wannan ba nauyi, amma filaya ɗaya ta gama da ita. Sarƙa kuwa da ƙarfi, sai dai za ta karya maka baya." Sai ya miƙo masa wani kwaɗo na lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da kofaton doki. "Ga naka. Bakinsa matsattse ne, ɓarawo ba zai sami inda zai zura ƙarfe ya ɓanɓare ba. Ka haɗa gangar keken da tayar baya, ka kulle a jikin abin da ba ya tuguwa. Amma fa keke ɗaya yake ci."

"Ɗayan nake da shi," in ji Mai Agogo.

Washegari ya riga kowa zuwa, ya kulle kekensa a jikin ƙarfen, yana jin kansa kamar ya sayi mota. Baba ya iso yana haki, ya kawo kekensa zai jingina kamar kullum.

"A'a Baba, daga yau kowa tasa ta fisshe shi. In ka jingina a nan ka tare ni. Na gaji da jiran makulli kamar mai jiran gawon shanu."

Baba ya sa hannu a aljihu ya ce, "Tsaya ɗana, ai jiya na..."

"Baba, kayan mutane na jirana. Sai na dawo."

Da ya dawo, ya tarar Baba ya mayar da kekensa gefen shago, ya ɗaure shi a jikin sandar katakon da ke riƙe da allon talla, inda ba a hangowa daga taga. Mai Agogo ya gani sarai. Ya kuma tuna abin da mai gyara ya ce game da abin da ba ya tuguwa. Ya duba agogo, ya ce a ransa gobe zai yi masa magana.

Goben nan ta kai kwana tara.

Rana ta goma, da tsakar rana, ana ta hada-hada a titi, wani ya girgiza sandar ya tuge ta, ya zare sarƙar ta ƙasa, ya ɗauke keken da sarƙar gaba ɗaya. Da aka tashi aiki Baba ya tsaya a gaban ramin da sandar ta bari yana kallonsa. Taku biyar daga nan keken Mai Agogo na tsaye lafiya lau, kwaɗonsa na sheƙi.

Baba ya yi ƙoƙari. Kullum yana hawa mota biyu yana ƙarasawa da ƙafa, yana isowa rana ta take, gwiwa a kumbure. Mai shagon ya yi haƙurin mako biyu, kaya suka taru, masu kaya suka fara ɗaga murya. Ranar wata Litinin aka ga sabon mutum a gaban teburin.

A nan Mai Agogo ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba. Ashe Baba ne ke jera masa kaya bisa tsarin titunan da zai bi, na kusa a sama, na nesa a ƙasa. Sabon mai gugar tarawa kawai yake yi. Mintunan da ya yi ta jin haushin ɓatawa kan makulli, yanzu ninkinsu yake ɓatawa yana tonon ɗauri a ƙofar mutane.

Sai da ya yi wata guda kafin ya iya zuwa gidan Baba, don kunya. Ya same shi a ƙaramin ɗaki, ƙafa miƙe a kan matashi, 'yarsa na shafa masa magani.

"Baba, ni na jawo maka. Ka karɓi kekena, don Allah."

"Kai da me za ka ci abinci? An riga an sa wani a teburin. Rabona ne ya ƙare a can." Ya juya ga 'yarsa. "Ɗauko min abin nan a aljihun rigar aikina."

Ta kawo wani sabon makulli, an ɗaura masa jan zare.

"Na ga ina ɓata maka lokaci," in ji Baba, "shi ya sa na je aka yanko maka naka. Ranar nan da safe shi nake son ba ka. Riƙe, ai da sunanka aka yi shi."

Mai Agogo ya karɓa. Ya fito ya zauna a bakin kwata kusa da kekensa, ya yi kukan da rabonsa da irinsa tun rasuwar mahaifinsa.

Har yau makullin na rataye tare da nasa, kuma babu abin da yake buɗewa a duniya.

Darasi: Nema wa kayanka kariya mai kyau ba laifi ba ne, amma kafin ka kulle naka ka duba wa ka ture waje. Kuma idan babba ya ce maka "tsaya", ka tsaya ka ji ƙarshen maganarsa, don minti ɗayan da ka hana shi yana iya zama nadamar shekaru. Ku tura wa masu gaggawar da kuka sani, wataƙila akwai wani Baba a kusa da su da bai gama maganarsa ba.